Burtalin da Maharazu Ya Auna

Injiniya ya kwanta asibiti, ga shi an riga an sa ranar auna burtalin shanu a gefen babbar hanyar ruwa, kusa da Bunkure. Maharazu ya ce ba sai an jira ba. Shekara shida yana ɗaukar wa injiniya na'urar awo a kafaɗa, shi a ganinsa ai ya gama karatun.

Yadda ake yi kam ya sha gani. Ka leƙa madubin na'urar, ka ga siraran layuka biyu, sama da ƙasa, ka karanta tazarar da suka kama a jikin sandar awo, ka ninka ɗari, nisa ya fito. Manoma da makiyaya sun amince da faɗin mita talatin. Sai dai sandar da Maharazu ya ɗauko a sito tsohuwa ce, da ma'aunin ƙafa aka zana ta, ba da na mita ba, shi kuma bai san akwai iri biyu ba.

Ya leƙa, ya ce talatin, aka kafa turke. Arɗo Datti, shugaban makiyayan, ya taka wurin ya dawo fuska a ɗaure.

"Malam Maharazu, nan ba zai ɗauki shanunmu ba. A sake dubawa."

"Baffa, ido ne ke kuskure, ban da na'ura."

Shi ma Maharazu ya ga wurin ya matse. Amma jama'a na kallonsa, ya ji kunyar ya ce bai tabbata ba. Manoma kuwa da suka ga gona ta ƙaru, kowa ya yi gum, aka dasa tumatir har gindin turke.

Ranar da garken ya biyo da hantsi, shanu suka cushe tsakanin ruwa da shuka. Na gaba suka tsaya, na baya suka turo, sai cikin tumatir. Aka fito da sanduna da adduna. Maharazu ya zo a guje yana roƙon a tsaya, babu mai sauraronsa. Kafin a raba, Sammani, yayan Maharazu, mai gonar farko a bakin turke, yana kwance cikin jini. Ko asibiti ba a kai ba ya cika.

Bayan sadakar uku injiniya ya sake awo, ya samu mita tara. Ya dubi Maharazu ya ce, "Da ka kira ni a waya ma, da na ce maka ba wannan sandar ba." Maharazu ya zauna a ƙasa yana kuka.

Jama'a, ganin ana aiki ba shi ne iya aikin ba. In ba ka tabbata ba, ka ce ba ka sani ba tun kafin a kafa turke.