Yaron Yaya Suwaiba

Tun a cikin jirgin ƙasa na metro Suwaiba ta fara. Ta gaya wa wata Ba'indiya da ke gefenta, ta gaya wa mai gadin otal ɗin da za a yi wasan, ta gaya wa yarinyar da ke nuna wa mutane kujeru: ɗanta Mubashir ne zai buga fiyano yau.

Ƙanwarta A'i tana biye da ita. Sarin takalma ne ya kawo ta Dubai, haka dai ta faɗa a Kano, ko da yake shagonta cike yake da kaya. Ga abin da ta sara can a kasuwar Naif ba a ɗaure ba, ɗan kargo mai aika mata kaya gida yana ta kiranta, ga ta nan a unguwar Al Rigga da tsakar rana, wai kallon kiɗa.

"Yalla, A'i, nan gaba. Ke zauna ta bakin hanya."

"Baya ma ta ishe ni, Yaya."

"Khalas, na ce nan." Suwaiba ta gyara mata sabon mayafin da ta tilasta mata yafawa da safe. "Kada ki ɓata mini hoto."

Ɗakin ƙarami ne, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Yawancin mutanen ma'aikatan ofis ne da suka fito cin abincin rana, katin aiki na reto a wuyansu. A kan dandamali baƙin fiyano ne kaɗai, murfinsa a ɗage.

"Kiɗan ƙarshen shi ya tsara da kansa," in ji Suwaiba cikin raɗa. "Mubashir ya ce na uwarsa ne. A gaban kowa zai faɗa."

A'i ta kau da kai. Suwaiba ce ta yi boko, ta zama nas, ta auri mai ofishin kargo a Deira, ta zauna a bene mai kallon ruwa. Duk wannan A'i ta haɗiye shi tun tuni, ba tare da ya shaƙe ta ba. Amma ta zauna a sahun gaba a kira Suwaiba a tafa mata, wannan kam ba ta jin zai wuce maƙogwaro.

Yaron ya fito cikin farin kaftani, dogo, ya ɗan rusuna. Da ya dubi sahunsu sai A'i ta sauke ido. Haka ta yi jiya ma a gida, da ya durƙusa ya ce, "Anti, sannu da hanya." Taga take kallo ta amsa. Ƙawayen Suwaiba sun daɗe da yanke cewa ba ta ƙaunar yaron.

Ya fara da kiɗan Turawan dā, a hankali, kamar mai taka tsani cikin duhu, sannan yatsun suka kwasa da gudu. A'i ba ta san kan wannan kiɗa ba. Hannuwan kawai take kallo, musamman ƙaramin yatsan dama mai ɗan lanƙwasa a kai. Ta dunƙule hannunta cikin mayafi.

Kiɗan ya tsaya. Kafin ta ankara tafukanta sun ɗago, sai Suwaiba ta riƙe su.

"Ba yanzu ba, hutawa ya yi. In an zo wurin tafi zan gaya miki."

Komai Suwaiba ta sani. Ta san inda ake tafi, ta san abin da ya karya kumallo da shi, ta san wurin da ya ba shi wuya yana ɗan makaranta har ya kifa kai a kan fiyano yana kuka. A'i ta tarar da kanta tana jin kishin har wannan kukan.

Aka shiga kiɗan zamani. Ya miƙe ya sa hannu cikin cikin fiyanon yana tsinkar wayoyin, ya buga katakon da tafinsa, ya koma ya zauna. Wata Baturiya ta leƙo daga baya ta yi wa Suwaiba tambaya. Suwaiba ta dafa ƙirji tana murmushi, Baturiyar ta jinjina mata. A'i ko kallo ba ta samu ba.

Wayarta ta sake girgiza cikin jaka. Ɗan kargo ne. Ga dalili ya zo har inda take: ta fita yanzu, ta yi wa Suwaiba barka a gida, inda babu idon mutane. Ta yunƙura. Sai ta ji an danne gefen zanenta da takalmi. Suwaiba ba ta ko waiwayo ba, tana ta saita kyamarar wayarta.

Yaron ya miƙe ya ɗauki makirfo. Ya yi magana da Turanci, mutane suka yi tsit. Sannan ya juya harshe.

"Mama Suwaiba ce ta raine ni, ita ta saya mini fiyanon farko, ita ce kuma ta ce lokacin wannan abu ya yi." Ya dubi sahun gaba. "Kiɗan nan na wadda ba ta taɓa kiran sunana ba ne."

Ya zauna, ya ɗora yatsunsa. Suwaiba ta juyo da wayar daga dandamali, ta saita ta a kan kujerar bakin hanya, hawaye na zubo mata.

A'i ta ja sabon mayafin ta rufe fuskarta, kamar yadda ta yi ranar da aka yaye shi aka miƙa wa yayarta, domin a gidansu mace ba ta haɗa ido da ɗan farinta.