Kwat Ɗaya, Mu Biyu

Saura minti bakwai a kira ni, kuma har yanzu ina tsaye a banɗakin ofishin, ina jiran Yaya ya kawo min kwat.

Ita kaɗai gare mu, ta marigayi babanmu. Kamfanin ya kira mu intabiyu rana ɗaya, shi ƙarfe sha ɗaya, ni sha biyu saura kwata, kuma takardar gayyatar ta ce ba mai shiga sai da kwat da taye. Mutum ɗaya za su ɗauka. Shekarar Yaya shida yana neman aiki, ni biyu.

Babu wuta tun safe, ginin ya koma tanda. Duk wanda ya fito daga ɗakin intabiyun, bayansa sharkaf kamar an watsa masa ruwa. Yaya kuwa ko a inuwa zufa yake yi. Na hango kaina a gaban manyan nan ina tsamin gumin wani, har na fara zaginsa a zuci.

Sai ga shi ya turo ƙofa, kwat ɗin a hannunsa, rigarsa ta manne da jiki.

"Maza saka, an kusa zuwa kanka."

"Ya kuka ƙare da su?"

"Kai dai ɗaga wuyanka," ya ce, yana ɗaura min taye, bai yarda mun haɗa ido ba.

Na zura hannu ina jiran danshi ya taɓa ni. A bushe take ƙamas, ko karin gugar Mama bai ɓaci ba. Yaya bai saka ta ba.