Manomin da Ya Dafa Irinsa

Tun da ka tambaye ni ko yaƙe-yaƙen nan da yunwa su ne alamun ƙarshen zamani, ɗana, gyara zama ka ji abin da ya sami wani manomi.

Mutumin nan mai bi ne na gaske, shi ne ma ke buga ƙarfen majami'a ran Lahadi. Yana da irin wata jar dawa da ya gada wajen ubansa, wadda ko damina ta yi gardama sai ta ba da na kaiwa baki. Kowace kaka yakan tsince zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure, ya rataye can saman rumbu, ko yunwa ta kai ina ba a taɓa ta. Wata bazara sai ga baƙon mai wa'azi ya sauka ƙauyen da wani ƙyalle mai faɗi, an zana dabbobi masu ƙahoni a jikinsa da lambobi jere. Ya kafa shi a gindin kuka, ya kwana uku yana haɗa shekarun littafin annabi Daniyel da na littafin Wahayi, har ya fito da rana: Juma'ar ƙarshe ta watan takwas Almasihu zai dawo. Manomi ya ji maganar ta shige shi har ɓargo. Ya gaji da duniya, ya binne 'ya'ya biyu, yana marmarin ganinsu. Ya ce a ransa, me zai sa mutum ya shuka abin da ba zai girba ba?

Ruwan shuka ya sauka, kowa ya fita da sungumi, shi yana zaune. Ya yanka shanun huɗarsa ya raba wa gari. Ya sauko da irin ubansa ya sa aka daka, aka yi tuwo, aka ci da waƙa. Wani tsohon dattijon ikkilisiya ya dogara sanda ya zo har ƙofar gidansa, ya tuna masa cewa Ubangiji da bakinsa ya ce ko mala'iku ba su san ranar ba, kuma bawan da ake yabo shi ne wanda maigidansa ya tarar yana bakin aiki. Manomi ya ce ai Nuhu ma an yi masa dariya. Matarsa kuwa ta ɓoye zangarniya bakwai a cikin tsohuwar randa. Ran da ya gano, ta durƙusa ta ce, "Maigida, in Ya zo Ya same mu da shuka a ƙasa, ai ba zunubi ba ne." Ya ce, "Matar Lutu ma waiwaye ɗaya ta yi." Ya murje zangarniyar a gabanta, ya watsa wa kaji.

Da ranar ta zo, ya sa wa iyalinsa fararen kaya, suka tsaya tsakiyar gonarsa da ƙarangiya ta cinye. Dama da hagu dawar maƙwabta ta wuce kan mutum. Wajen azahar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, aka yi tsawa, manomi ya ɗaga hannu sama yana kuka don murna. Sai ruwa ya goce. Ruwan marka ne irin na kullum, wanda dawa ke so. Ya jiƙe su sharkaf, farar rigar ta manne masa a jiki, yara suna rawar sanyi suna kallon fuskarsa. Da aka ɗauke, rana ta fito, kwaɗi suka ci gaba da kukansu. Aka nemi mai wa'azi, aka ce tun jiya ya naɗe ƙyallensa, ya bar saƙo wai an sami kuskuren shekara ɗaya.

A shekarar nan aka yi kakar da aka daɗe ba a ga irinta ba. Manomi ya shiga gonakin mutane yana ƙodago, yana yanke musu dawa, yana ɗaukar dami zuwa rumbun wani. 'Yan'uwa masu bi ba su bar shi da yunwa ba, kowa ya kawo abin da ya samu. Amma kowane kwano da aka aiko sai ya tsaya masa a wuya. Ya bi ƙauyuka yana neman irin jar dawar ubansa, bai samu ko ƙwaya ba, don a gidansu kaɗai take. Matar ba ta taɓa yi masa gori ba, sai dai ta daina waƙa in tana daka. Shi kuma daga ranar bai sake taɓa ƙarfen majami'a ba. In ya ji wani ya buga, sai ya ɗauki fartanya ya nufi daji. Mutum ne ya yi masa ƙarya, amma shi da Allah ya yi fushi, kuma da fushin nan aka kai shi kabari.

To ɗana, alamun nan gaskiya ne, zuwan ma gaskiya ne, ni kaina ina jira. Amma an ba mu alamu ne don mu zauna a faɗake, ba a ba kowa ranar ba. Ka koma bakin aikinka. Hausawa suka ce, hangen Dala ba shiga birni ba ne.