Zangarniya Biyu a Tambari

Jama'a, duk Damagaram ni na fara ganin ƙaryar takardar nan. Ni da ban taɓa taka lakwal, makarantar boko, ba!

Suma'ila ɗan ƙanwata ne, daga Gidimuni. Ya yi boko, aiki ya ƙi samuwa. Wani mai ƙaton tabarau ya ce zai sama masa aikin gwamnati a Yamai. Suma'ila ya sayar da garkar da ya gada a bakin tafki, dabino da rake duka, ya biya rabin kuɗin da mutumin ya nema aka ba shi takardar ɗaukar aiki. Ya biyo ta gidana a Birni zai kai cikon.

"Kawu, ga sa hannu, ga tambarin ƙasa!"

Na karɓa na duba. "Kai, zangarniyar hatsi nawa ka gani?"

"Biyu."

"Uku ne a tambarin Nijar. Rana a tsakiya, mashi da takubba biyu a gefe, kan sa a ƙasa. Wannan kuwa a sama aka ɗora san, kamar zai tashi!"

Ya yi dariya. "Haba Kawu, ko sunanka ba ka iya rubutawa. Zane ai ado ne."

Ado! Ni da na ci yunwa biyu na binne sa'o'ina, na san abin da ya sa aka zana hatsi da sa: su ne ranmu. Takubban na kakanni ne da suka tsare ƙasa. Tutar ma haka: ruwan goro hamada, fari tsarkin zuciya, kore gonakinmu. Na faɗa har muryata ta dushe, yaro yana latsa waya.

Ya kai cikon, ya hau mota. A biron gwamnatin da ya je a Yamai, kallo ɗaya aka yi wa takardar aka kira jandarma. Wata huɗu ya yi a tsare kan takardar jabu. Mai tabarau ya ɓace. Yau Suma'ila ban ruwa yake yi a garkar ubansa, ɗan ƙwadago, sabon mai ita yana masa tsawa.

Ku koyi tutarku da tambarinku, ku koya wa 'ya'yanku. Wanda bai san alamar ƙasarsa ba, kowane ɓarawo zai zana masa wata.

Mai musu ya zo Birni ya tambayi gidana, gidan Mahamud. Zan zana masa tambarin a ƙasa da sandata, idona rufe. Ya kawo nasa bokon mu gwada!