Koren Duro

"Likita ya rubuta kansar jini, amma kotu hujja take so," in ji lauyanmu. "Masana'antar da kuke zargi tana can ƙetaren kogi, ku kuna Kurmin Mashi. Me ya haɗa gubarsu da 'yarku?"

Matata ta dube ni. Ni kuwa na dubi ƙasa.

Shekara huɗu ke nan da aka ɗauke mu, mu direbobin tifa, aikin kwashe sharar masana'antar bayan an rufe ta. An ce duk duron da aka kwaso a binne shi. Amma wa zai binne lafiyayyen duro a unguwar da famfo ke sati bai kawo ruwa ba? Kowa ya ɗauki ɗaya. Na wanke nawa sau uku da toka da sabulu, na shafe shi da koren fenti, na ce wa matata a kasuwar Kawo na saya. Da ruwansa ake dama wa yarinyar kunu.

"In an samu hujjar, wa za a kama?" na tambaya.

"Kamfanin. Da duk wanda ya kawo gubar gidanku."

Da muka koma gida, muka tarar da yarinyar kwance a tabarma, hular sanyi ta rufe kan da ba sauran gashi. Na ɗauko wuƙa, na durƙusa gaban duron.

"Malam, lafiya?" in ji matata.

"Kira lauya," na ce.

Na yi ta kankare fentin, har hoton ƙoƙon kan mutum, alamar gubar da na rufe da hannuna, ya fito fili yana kallon matata.