Manomin Da Ya Hau Gora

Tunda ka ce kunya kake ji ka tambayi waɗanda ka girma a sabon wurin aikin nan naka, matso in ba ka wani misali.

An yi wani manomi da aka datse kogi kusa da ƙauyensu. Ruwa ya taru ya zama tafki, ya haɗiye gonarsa ɗungurungum, kukar da ke kan iyaka ma sai kanta ake hangowa. Mutumin nan fa ba rago ba ne. Shekara talatin yana noma, wurinsa ake zuwa tambayar ranar shuka. Ga shi yau furfura ta fito, rumbu ya yi ƙasa, 'ya'ya biyar suna kallon tukunya. Matarsa, Allah ya saka mata da alheri, ta kwance akuyarta ɗaya tilo aka musanya da gora da koma, wato ragar kamun kifi. Ka dai san goran masunta: ƙato mai baki a sama, mutum ya kifa ƙirji a kai yana tuƙi da ƙafa, kifin da ya kama da koma ya jefa ciki. Saura koyo, kuma a nan gizo ke saƙar. Akwai wani tsohon masunci da kullum yake shiga tafkin, amma manomi ya ce a ransa, "Ni da gemuna in je in durƙusa in ce ban iya ba?" Sai ya riƙa laɓewa bayan wata giginya yana kallo. Kwana bakwai cur. Ya ga yadda ake kwanciya kan gora, yadda ake tura koma a hankali a ɗaga, yadda ake karya ƙayar tarwaɗa kafin a jefa ta ciki. Abin da ido ke ɗauka duk ya ɗauka. Abu ɗaya ne ya ɗaure masa kai: kowace safiya tsohon yakan nufi gabas, yana dagewa iska na dukan fuskarsa, alhali ga yamma a sauƙaƙe. Manomi ya yi murmushi ya ce tsufa ne.

Rana ta takwas ya shiga, ya ba iska baya. Kai, daɗi! Ko ƙafa bai motsa sosai ba ta kwashe shi sululu har gindin kukarsa. Ashe karfasa sun yi gida a rassanta. Ya tura, ya ɗaga, ya jefa; ya tura, ya ɗaga, ya jefa. Har ƙwalla ya yi, don ya ga gonar da ya fid da rai da ita ce ke ciyar da shi. Da rana ta take tsaka gora ya yi nauyi, ya juya zai koma gida, sai ga iska a fuska. Ƙafar manomi ƙasa ta sani, ba ta san ruwa ba. Ya yi ta harbawa, in ya waiwaya kuka na nan kusa kamar bai tashi ba. Ruwa na marin goran yana faɗawa ta baki, goran na nitsewa kaɗan-kaɗan.

Can sai ga tsohon, iska ta kawo shi har ya wuce mashiga yana hangen baƙon. Ya ɗaga murya ya ce, "Lafiya dai?" Ka san abin da bawan Allahn nan ya yi? Ɗaga hannu ya yi ya ce, "Lafiya lau!" Wallahi duk sanda na zo nan tausayinsa nake ji, don na san irin wannan lafiya lau ɗin, ni ma na taɓa yin ta. Tsoho ya juya ya ci gaba da kamun kifinsa. Manomi ya fara zaro kifi yana sakewa ɗaya bayan ɗaya, abincin 'ya'yansa, ko goran ya ɗan taso. Ina! Jijiyar ƙafarsa ta ɗaure. Ya saki koma ya rungume gora da hannu biyu, yana gani ta yi ƙasa, akuyar matarsa ke nan ta tafi. Sai da ruwa ya kai masa haɓa sannan ya ƙwala ihu, "Baba, ka cece ni, ban iya ba!" Maganar da ya ƙi faɗa wa mutum ɗaya a asirce, har mata masu wanki a bakin tafki sun ji ta.

Tsoho ya iso ya ɗaura masa igiya. Bai ja shi gida ba, sai ya bar iska ta kai su wancan gaɓar ta yamma, suka zagayo da ƙafa. A hanya ya zuba masa karfasa uku a gora, ya ce, "Kwana bakwai ina ganin hularka bayan giginya, ina jiran ka yi sallama. Kafin mu cinye goro ɗaya da na gaya maka: da safe ka fuskanci iska da ƙarfinka, in ka gaji ita za ta mai da kai gida." Dariyar mata masu wanki ba ta dami manomi ba kamar isarsa gida. Matar ta karɓi kifin da murna, ta leƙa bayansa, ta ce, "Malam, ina komar?"

To, kai ma ruwa ka shiga, kuma iyalinka ne suka ba da akuyar. Gobe tun da safe ka je ka yi sallama. Ai Hausawa sun riga sun faɗa: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.