Inda Taki Bai Kai Ba

"Ga alherinka nan," in ji mahaifiyata, ta kife kwalbar maganinta a gabana. Ko ɗigo bai fito ba.

Ni na zuba takin zamani a makiyayarmu ta kan duwatsun Apuseni don shanu su ƙoshi. Ciyawa ta kai ƙugu, ta shaƙe arnika, furen nan mai ruwan ɗorawa da ba ya rayuwa sai a ƙasa maras ƙarfi. Shi take jiƙawa a barasa ta shafa wa gwiwoyinta. Shekara uku babu shi, har zuwa coci ya gagare ta. Na sha tambayar kaina: wanda ya ciyar da ƙasa har ta manta abin da take haifa, mai kyauta ne ko ɓarawo?

Ranar yankan ciyawa lauje ya kai ni wani gangare a bayan dutse. Na tsaya cak. Sai na koma gida na goyo ta har wurin.

Furanni bakwai ne a tsaye, ƙudan zuma na shawagi a kansu.

"Nan ba ka zuba ba?" ta tambaya.

"Inna, buhun ne ya yi nauyi. Cewa kawai na yi na gama."

Ta yi dariya har da hawaye. "Rago ɗan rago! Allah ya ƙara maka lalaci."

Na kai hannu zan tsinka, ta make ni da sandarta.

"Gwiwata za ta jira baɗi. Bar su su zubar da iri."